Neman Kalma: Ɗan Wurin Da Ke Tsakanin Kan Batir Da Bonet, Me Sunansa?

Mai tambaya, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar Zango. Ina shirya saƙonnin murya da Hausa don yaran da ke koyon gyaran mota, tunda yawancinsu ba su yi nisa a boko ba. Na iso darasin canja batir, kalmomi biyu suka gagare ni. Ɗaya ita ce wadda fitoci, wato makanikai, ke cewa tamina, inda waya ke haɗuwa da batir. Ɗayar kuma kiliyaras, wato ɗan wurin da ya kamata ya rage tsakanin kan batir da duk ƙarfen da ke kusa da shi: bonet daga sama, sandar da ke danne batir, ko jikin mota daga gefe. Ba na son in bar su yadda suke. Ka ce wa ɗan Kumasi tamina, hankalinsa ya tafi Kejetia wurin lodi. Ka ce kiliyaras, ya ɗauka zancen fito da mota daga tashar jiragen ruwa ta Tema kake yi. Malamai da mastoci, a taimaka.

Malamin makaranta, Asawase:
Wa alaikumus salam. Ta biyun ai ba ta da wuya: tazara. Tazarar kan batir. Kowa ya san ta, a rediyo ma ita ake ji.

Tsohon fita, Suame Magazine:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma tazara ba ta zauna mini a kunne ba. Tazara ta abin da ke da nisa ce, kamar tsakanin mota da mota a kan titi, ko tsakanin haihuwa da haihuwa. Abin da muke magana a kai, wani lokaci yatsa ma da ƙyar yake shiga. Ni tun ina yaron shago rata nake ji. Mastana yakan ce "duba ko akwai rata", ko "wannan bai ba da rata ba, mayar masa". Kalmar gajera ce, kuma tana shiga umarni. A gareji kalmar da ba za ka iya jefa wa yaro daga ƙarƙashin mota ba, ba ta da amfani.

Malamin makaranta, Asawase:
To Masta, sarari fa? Ko giɓi?

Tsohon fita, Suame Magazine:
Giɓi wurin abin da ya fita ne, mu kuwa ba abin da ya fita. Sarari kuma yaro zai leƙa ya ga batir ya shige gidansa, ya ce ai akwai sarari, ya rufe bonet. Nan ne ake shiga uku. Shigar batir gidansa daban, ratar kansa daban.

Hajiya mai shagon batir, Tafo:
Masta ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku maza kuna ta gardamar kalma, ni kuwa kullum a shago nake ganin tushen matsalar. A Gana da filet muke ciniki, wato yawan faranten darmar da ke cikin batir. Mutum ya zo ya ce Hajiya ba ni mai filet 13, ko 15, ko 17, ya biya sidinsa ya ɗauka. Filet ɗin nan ba ya gaya maka tsayin batir, ba ya gaya maka ta wane gefe kawunan suke. Ga shi motocinmu gayyar ko'ina ne: na Amurka da Kanada, na Koriya, na Japan, na Jamus, kowace da irin gidan batirinta.

Ku ɗauki batir ƙirar Japan mai lamba 55D23L. Tsawonsa kimanin santimita 23, abin da 23 ɗin ke nufi ke nan, faɗinsa milimita 173. Kawunansa a tsaye suke bisa murfi, in ka haɗa da su tsayinsa ya kai milimita 225. Ƙirar Turai mai kusan wannan girman kuwa tsawonsa milimita 242, faɗi 175, tsayi 190, kuma kawunan a lotse suke cikin kafaɗar murfin, ba sa ɗara shi. Akwai ma gajere mai tsayin 175 da ake sa wa wasu motocin. Wanda motarsa ke cin mai 175 ya zo ya ɗauki mai 225 don ya fi araha, ya ƙara santimita 5 ke nan a wurin da masu ƙera motar ba su bari ba. In na ce ya kawo tsohon mu gwada, sai ya ce sauri yake yi.

Harafin ƙarshe na lambar ƙirar Japan ɗin ma a lura. Ka juyo da batir kawunan suna ta wajenka: mai L, kan da ke da alamar ɗebewa yana hagu, mai R, yana dama. Ka sayi wanda ba shi ba, waya ba za ta kai ba, sai ka ga yaro yana finciko ta kamar akuyar da ta ƙi bin mai saye, har ta bi ta kan sandar dannewa tana goga.

Ni na bi rata. Aƙalla zan sami abin tambayar mai saye a kalma ɗaya.

Ɗan Kano mazaunin Sawaba:
Hajiya sannu da ƙoƙari. A wajenmu tamina kan batir kawai ake cewa, ban taɓa jin wani ya rasa gane shi ba. Me zai sa a nemi sabuwa?

Mai wayarin mota, Suame:
Yaya, kan batir ɗin ya yi, sai dai abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai dunƙulen darmar da ke jikin batir, akwai kuma zoben da ke bakin waya wanda ake zura masa a ɗaure da noti. In na ce wa yaro kan batir ya lalace, wanne zai sayo? Na farko batir ne gaba ɗaya, na biyu kuɗin shayi ne. A bar wa darmar kai. Zoben a kira shi ƙawanya. Jar robar da ke rufe mai alamar tarawa kuma hula, tunda a kai take zama.

Bambancin yana da aiki, don kawunan ba kauri ɗaya ba ne. Na tarawa ya fi kauri, kimanin milimita 19 da rabi a gindi, na ɗebewa kusan 18, an yi haka ne don kada a juya su. Ƙananan baturan Japan kuma, irin 46B24L, siraran kawuna gare su, ba su kai milimita 15 ba, sai in an ƙara S a ƙarshen lambar. Ƙawanya mai faɗi a kan siririn kai ba ta kamawa. Daga nan sai a fara cusa ƙusa ko guntun gwangwani, ko a ɗora wata ƙawanyar bisa wata, tsayi ya ƙaru, ratar da ake taƙama da ita ta tafi. Kai kuma a tsuke yake daga sama, don haka a buɗe ƙawanya ta sauka har gindi kafin a ɗaure. Ba a dukanta da guduma, murfin batir yana tsagewa ruwan ya riƙa tsattsafowa.

Malamin makaranta, Asawase:
Na karɓi ƙawanya da hula. Amma ina da tambaya: ratar nawa ce ta isa? Wutar tana iya tsallakawa ne?

Mai wayarin mota, Suame:
A'a Malam. Batir cikakke bolt 12.6 ne, inji na aiki ya kai 14 da ɗoriya. Wannan ba ya tsallaka iska, sai an taɓa. Amma in aka taɓa, ba wasa. Jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da kan ɗebewa, saboda haka duk ƙarfen da ya haɗa kan tarawa da jiki ya zama hanya, ɗaruruwan amfiya su bi ta kansa, kuma babu fiyus a tsakani da zai yanke. Sifana takan yi ja ta manne. Zoben azurfa a yatsa yakan ƙone mutum har tsoka. Ga iskar haidurojin da batir ke fitarwa in yana caji, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Shi ya sa nake son ratar nan a fahimce ta iri biyu. Akwai ratar zama, bayan an rufe bonet. Akwai ratar sifana, wato ko sifanarka lamba 10 za ta juya ba tare da gindinta ya bugi ƙarfe ba. Ta biyun maganinta jeri ne: wajen cirewa a fara da baƙar waya, wato ta kan ɗebewa, a kautar da ita gefe, wajen sawa ita ce ta ƙarshe. Muddin baƙar ba ta haɗe, ko sifana ta taɓa jiki daga kan tarawa ba abin da zai faru, sai fa in ta haɗa kawunan biyu.

Direban trotro, layin Aboabo:
Ratar zama ita ta ci ni a ƙaramar motar gida. An sa mini dogon batir, bonet ya rufu lafiya lau, ba hula, ba sandar dannewa don ba ta kai ba. Muna cikin gari ba komai. Ranar da na shiga hanya mai ramuka, na faɗa wani rami sai fitilun dashbod suka ƙifta, ƙauri ya tashi. Da na buɗe, ga baƙin tabo kamar kwabo a cikin bonet, daidai saitin kan, fentin waje ya kumbura. Allah ya taƙaita.

Tsohon fita, Suame Magazine:
Ka ji ko. Rata ba a tsaye ake auna ta ba kawai, sai an lissafa da tsalle. Ni ga yadda nake yi in ina shakka. Baƙar waya tana cire, in ɗaure batir da sandarsa har in girgiza shi da hannu biyu bai motsa ba, in sa ƙawanyar tarawa da hularta. Sai in gutsuri banku, tuwonmu na nan Gana, kamar girman ƙwai, in ƙulle a leda, in ɗora bisa hular, in sauke bonet a hankali har ya kama. In na buɗe, kaurin da bankun ya rage shi ne ratata. In bai kai kaurin yatsana ba, batir ya koma shago. Wannan ƙa'idata ce, ba ta littafi ba. Kuma kada wani ya ce zai shimfiɗa kwali ko tsohon silifa a kai ya wuce. Girgiza tana cinye su, ba za ka san ranar da suka huje ba.

Ɗan Kano mazaunin Sawaba:
Masta, wannan awon sai Kumasi. Mu da tuwo za mu gwada. Amma in ratar ta yi kaɗan, yaya za a faɗa? Ƙaramar rata?

Malamin makaranta, Asawase:
Ƙarancin rata ya fi daidai a rubuce. A baki kuwa "ratar ta matse" ko "ba rata". Na janye tazara, amma ina roƙon a rubuta ratar kai a darasin, kada a bar rata ita kaɗai, don fulogi ma yana da tasa ratar.

Mai tambaya, Aboabo:
Na gode ƙwarai. Ga yadda zan faɗa a saƙon, a gyara mini in da kuskure: "Kashe mota, zare makulli, cire zobe da agogo. Kwance ƙawanyar baƙar waya tukuna, sannan ta ja. Jera sabon batir da tsohon a ƙasa, ka duba tsayi da gefen da kawuna suke. Ɗaure shi da sanda. Sa ja, sa mata hula, auna ratar kai. In ratar ta matse, kada ka haɗa baƙar, kira masta."

Hajiya mai shagon batir, Tafo:
Ƙara musu cewa su ɗauke shi a miƙe, kada su rungume shi a ƙirji, ruwan yana cin riga. Kuma tsohon su kawo mini, ina rage kuɗi a kansa.