Wai da gaske filin da muka buga da Ajantina na 'yan zari-ruga ne?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare ina ta yawo a YouTube sai na ci karo da wani wasan zari-ruga, ƙarti majiya ƙarfi suna ta kokawa a kan ƙwallo mai kamar ƙwai, sai na ga an rubuta Ellis Park. Na ce ikon Allah, ba nan ne mu Najeriya muka buga da Ajantina a kofin duniya na 2010 ba? To wai ya ake yi fili ɗaya ya ɗauki wasa biyu, ragar fa ina suke kai ta, kuma ciyawar ba ta lalacewa? Don wallahi yadda na ga suna turmushe juna ko shanu albarka. Masana a taimaka.

Bakano a Jozi:
Wa alaikumus salam. Shi ne dai malam, ba wani ba, yana unguwar Doornfontein a nan Johannesburg. Kuma asali ma filin na masu zari-ruga ne, mu 'yan ƙwallo mu ne baƙi. Tun 1928 suke wasa a wurin, aka sake gina shi a 1982, yanzu yana cin mutum dubu 60 da 'yan kai, kuma gidan ƙungiyar Lions ne. A nan Afirka ta Kudu ta ci New Zealand 15-12 a wasan ƙarshe na kofin duniya na zari-ruga a 1995, ranar da Mandela ya shigo sanye da riga mai lamba 6 ta Springboks, wato ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar, ya miƙa wa kyaftin ɗinsu Pienaar kofi. Ka san a lokacin baƙar fata da yawa ba sa son jin sunan ƙungiyar nan don ana mata kallon ta turawan wariyar launin fata, shi ya sa har yau in ka ce Ellis Park a nan abin da mutane ke fara tunawa ke nan, ba Messi ba.

Malam Na-Layi:
Batun raga mai sauƙi ne. Akwai ramuka a ƙasa da ake zura ƙarafan, in za a yi ƙwallo a cire dogayen nan masu kamar harafin H a toshe ramin a kafa raga. Girman filin ma kusan ɗaya ne, na ƙwallo mita 105 ne da 68, na zari-ruga kuma bai wuce mita 100 da 70 ba, sai dai su suna da ƙarin wuri a bayan turakun inda ake dangwala ƙwallo a ci maki, to shi ya sa ya fi sauƙi a buga ƙwallo a filinsu a kan su su zo namu. Layuka kuwa fenti ne, a wanke ko a shafe da kore a zana sabo, in ka ƙura ido a talabijin wani lokacin za ka hango tsohon layin yana leƙowa. Inda ake shan wahala ita ce ciyawa. Akwai abin nan da mutum takwas takwas ke haɗa kai su yi ta turereniya, takalmansu noma filin suke yi sosai, su kuma 'yan ƙwallo so suke ciyawa ta zama gajera sumul don ƙwallo ta gudu. Masu kula da fili ne dai ke kwana a ciki.

Ɗan Fagge:
Ai kuwa na gane, Allah ya ƙara sani. Ni dai abin da na riƙe daga filin nan shi ne Heinze ya sa mana kai tun minti na 6, sannan Enyeama ya hana Messi sakat har aka tashi 1-0. Ba don shi ba da kwando za mu kwaso ranar.

Hajiyar Eagles:
Ɗan Fagge kai ma ka tayar mana da tsohon miki. Ai wasanmu na biyu da Girka a Bloemfontein shi ma filin 'yan zari-ruga ne, inda aka ba Sani Kaita jan kati muna gaba da ci ɗaya, daga ƙarshe suka ci mu 2-1. Ƙila iskar filin ce ta ɗebe shi ya zaci zari-rugar ake yi lol. Amma don Allah kar a haɗa Ellis Park da inda muka ɗau kofin Afirka a 2013, mutane na yawan rikita su, wancan Soccer City ne can wajen Soweto, inda Sunday Mba ya ci Burkina Faso.

Bakano a Jozi:
Gaskiyarki Hajiya, wancan ya fi girma nesa ba kusa ba, ya haura dubu 90. Wani abu da na manta, a Ellis Park ɗin ne aka yi turmutsitsi ranar 11 ga Afrilun 2001 a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, jama'a sun fi ƙarfin filin, mutum 43 suka rasu. Ni tun da wani tsoho da muke kasuwa tare ya ba ni labarin daren nan, in na je kallo ban yarda in tsaya kusa da ƙofa ba, da wuri nake shiga kuma sai an watse nake fita.