Abin da maharban Damagaram suka ce kan gwanin maƙerin bindiga

Hirar da maharban suka yi kan yadda ake gane gwanin maƙerin bindiga ta fara ne da tarihi. Dattawan maharba na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, sun tuna cewa a zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, a nan Damagaram ake ƙera igwa da bindigogi. Sai wani matashi ya kawo zancen Ingila, inda gidajen Purdey, da aka kafa a 1814, da Holland & Holland, na 1835, ke ƙera wa mutum bindigar farauta daidai jikinsa.

A kan wannan batu na ƙera bindiga daidai jikin mutum aka fi daɗewa. Gwani, in ji su, yakan fara auna mai bindigar tukuna: tsawon hannunsa, faɗin kafaɗarsa, da idon da yake saiti da shi. In gindin bindiga bai zauna a kafaɗa ba, komai tsadarta harbi zai kauce. Suka ce a duba haɗin ƙarfe da katako, kada a ga ɓaraka ko ta tsinke. Kunamar bindiga ta sake a tsanake, ba tauri, ba kuma saurin tashi. Zanen ado a jikin ƙarfe kuwa, wani tsoho ya ce wannan na masu kuɗi ne, ba ya kashe ko zomo. Ina ganin ya yi gaskiya.

Maƙerin da ya ce gobe ka zo ka karɓa, a guje shi. Aikin kirki yakan ci watanni. A tambayi maƙerin da aka zaɓa ko ya gwada bindigar, kuma ko zai gyara in ta sami matsala. Kafin duk wannan, a nemi takardar izini daga hukuma.