Tsohuwar kwamfuta HP Z440 ko sabuwar haɗi? Ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina

Mai_Plan_Tawa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin buro gare ni nan Tawa, ina zanen plan na gidaje da shaguna, AutoCAD da Revit nike aiki da su kullum, wani lokaci Lumion in mai gida ya ce sai ya ga gidan da launi kafin ya biya. Portabul ɗina ta gaji, in na buɗe babban fishiye sai in tashi in ɗora shayi. Na tara jikka 800. Wani mai saida okaziyo a Yamai ya turo min hoton HP Z440, proseser Xeon E5-2690 v4 mai kor 14 (sassan da ke yin lissafi cikinsa), memwar giga 64, ya ce injin injiniyoyi ce ta gaske. Wani yaro kuma ya ce ya haɗa min sabuwa da proseser i7-12700 da kart girafik RTX 3060 amma memwar 32 kawai kuma ta ɗan fi tsada. Ni dai kor 14 ɗin nan ke jan hankalina. Wacce za ni ɗauka don Allah?

Injiniya_Yantala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada kor 14 su ruɗe ka. AutoCAD da Revit, yawancin abin da kake yi cikinsu, jan layi, juya gini, buɗe fishiye, kor guda ke ɗaukar nauyin, sauran suna zaune suna kallo. To wannan Xeon ɗin na 2016 ne, 2,6 GHz yake tafiya, in ya yunƙura ya kai 3,5, shi kuwa i7-12700 yana kaiwa 4,9 kuma ginin cikinsa sabo ne, bambancin za ka ji shi a hannunka tun ranar farko. Lumion kuma ba ruwanta da Xeon, kart girafik take ci, kuma ka lura mai okaziyon bai ma gaya maka wane kart ke ciki ba, galibi tsohuwar Quadro ce mai giga 2 ko 4 wadda ba za ta kai ka ko'ina ba. RTX 3060 in mai giga 12 ce ta ishe ka, ka tambaya da kyau don akwai mai giga 8.

Ga wata kuma, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan Xeon ɗin ba ya cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su. Ana saka ta da dabara, na sani, amma injin da kake cin abinci da ita ba a so ta zauna bisa dabara.

Gyaran_Ordi227:
Injiniya maganarka gaskiya ce amma ka rage wa Z440 haƙƙinta. Ni nike buɗe injinan nan kullum, jerin Z na HP da Precision na Dell da ThinkStation na Lenovo an yi su ne su kwana su wuni suna aiki, alimantasiyon ɗinsu, wato akwatin da ke raba wa injin kuran, mai ƙarfi ce, iska na ratsa cikinsu yadda ya kamata, memwar kuma ECC ce mai gyara kuskure da kanta. Haɗin yaran nan fa, proseser mai kyau kart mai kyau sannan a saka masu alimantasiyon marar suna don a rage kuɗi, ran da kuran ya yi tsalle sai ta tafi da kart ɗin gaba ɗaya. In haɗin za ka yi ka tsaya kai da fata a saka 650 W ta kamfanin da aka sani, ko ka nemi HP Z2 G9 ko Precision 3660 okaziyo, su ma i7 na zamanin 12700 ɗin gare su.

Hajiya_Topo:
Duk kun yi ta lissafin kor babu wanda ya yi maganar NIGELEC, kamfanin kuran. Malam Mai Plan, cikin jikka 800 ɗin nan ka fara fidda kuɗin ondiler, na'urar nan mai batir da ke riƙe injin in kuran ya ɗauke, kamar 1500 VA mai ba da kuran mai tsabta irin sinis, don alimantasiyon na manyan injina wani lokaci ba sa jituwa da ƙananan ondiler masu araha, kuran na ɗaukewa sai injin ta mutu tare da shi. Kuma batirinta ba ya son zafi, a watan Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40 saurin mutuwa yake, ka sa a ranka za ka riƙa sakewa. Ƙurar hunturu kuma kada ka aje injin ƙasa, ka ɗora ta bisa tebur, a riƙa hure ta. A buronmu injin da ta fi kowace tsada ita ta fara ƙarar bantilater saboda ƙura ta toshe ta.

Mai_Plan_Tawa:
Na gode ƙwarai Hajiya, na gode manya. Na kira mai Z440, ya ce Quadro K2200 ce ciki, giga 4. To ECC ɗin fa, in babu ita plan ɗina na iya lalacewa?

Injiniya_Yantala:
A'a, ECC ta masu lissafin da ke kwana biyu yana tafiya ce da masu serber, kai abin da zai cece ka shi ne ka riƙa aje kwafin aikinka a wani disk daban. K2200 kuwa ta 2014 ce, manta da Lumion da ita. Ka ɗauki i7 ɗin da disk SSD NVMe tera 1, memwar 32 ta isa yanzu, ka dai tabbata barret na memwar biyu ne aka saka kuma an bar maka gurbi biyu don ƙari nan gaba. Kafin ka biya ka zo Yamai da fishiyen da ya fi wahalshe ka bisa kile USB, a buɗe shi gabanka, a bar Lumion ta yi randu, wato fidda hoton gini, na awa guda ka ga ko injin za ta yi zafi ta rage gudu, kuma garanti a rubuta shi bisa faktir, ba da baki ba.