Hotunan tulu sun ƙi haɗuwa a Meshroom

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman taimako daga nan Sakkwato. Wani tsohon tulun kakata nake so in fitar da siffarsa a kwamfuta, tsawo da faɗi da zurfi. Na zagaye shi da waya na ɗauki hoto 60, kowanne na hawa kan na bayansa.

Meshroom, manhajar da ke haɗa hotuna ta fitar da siffar abu, ya gane matsayin kyamara a hoto 22 kacal, duk na wajen wuya inda zane yake. Sauran jikin tulun sumul ne, ga ƙyallin rana, sai manhajar ta rasa ɗigon da za ta kama ta daidaita. Kwana uku ke nan ina fama.

In shimfiɗa jarida a ƙarƙashinsa ne, ko in koma inuwa? Ko COLMAP, wata manhajar mai irin wannan aikin, zai fi? Kwamfutata ba ta da katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA.