Mun gama aikin burtsatse, yaya za mu ji ra'ayin kowa ba tare da rigima ba?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta kammala rijiyar burtsatse mai sola da tanki biyu. Alhamdu lillahi ruwa na zuba, sai dai aikin da muka ɗibar wa wata 2 ya ci wata 5, kuɗin ma ya zarce kasafinmu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Mu 14 ne a kwamiti, da dattawa da matasan da suka riƙa sa ido a wurin aiki. Bayan salla za mu fara ta biyu a makarantar Islamiyya. Ina so mu zauna kowa ya faɗi abin da ya gani, amma ina gudun zaman ya koma nuna wa juna yatsa, ko kowa ya yi gum saboda kunyar manya. Don Allah ta ina zan fara?

Mai kula da ayyuka: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Kada ka bari sai bayan salla. A yi zaman cikin mako 2 da gama aiki, domin da an ɗau lokaci kowa sai ya riƙa tuna abin da ya wanke shi kaɗai.

Kafin ranar, tattaro kasafin farko, rasidai, yarjejeniyar ɗan kwangila, da saƙonnin WhatsApp na kwamiti. Daga cikinsu ka fitar da jerin ranaku a babbar takarda: ranar da aka biya kafin alƙalami, ranar da injin haƙa ya iso, ranar da aka tsaya da ranar da aka ci gaba. Idan wannan takarda na manne a bango, gardamar "ai ni na faɗa tun farko" ta ragu.

Tambaya 4 ta isa, kuma tsari ne da sojojin Amurka suka soma amfani da shi tun shekarun 1970 kafin ƙungiyoyin agaji da kamfanoni su ɗauka. Me muka yi niyya? Me ya faru? Me ya jawo bambancin? Me za mu riƙe, me za mu sauya? Zaman kada ya wuce minti 90, kuma fiye da rabinsa ya tafi kan tambayoyi biyu na ƙarshe. Shugaban ƙungiya kada ya jagoranci zaman, haka ma wanda ya kawo ɗan kwangilar. A samo mutumin waje da kowa ke ganin girmansa, kamar shugaban makarantar unguwa. A fara da ƙaramin cikinku, shugaba ya yi magana a ƙarshe, don in ya riga kowa sauran "haka ne" kawai za su ce.

Malama: Mai kula da ayyuka ya yi gaskiya, amma ko an ba yaro dama ya fara, ba zai dubi sa'an mahaifinsa ya ce "Baba, kai ka jinkirta sa hannu" ba. Tarbiyyarmu ce, kuma ba abin zargi ba ce. Shi ya sa nake ganin a raba wa kowa takarda kwana 3 kafin zaman, babu suna, da tambaya uku: abu ɗaya da ya tafi daidai, abu ɗaya da ya ba ka wahala, abu ɗaya da za ka sauya. Mai ajami ya rubuta da ajami, wanda ba ya rubutu ya faɗa wa jagoran zaman a keɓe. Mutum 14 sun san rubutun juna, don haka jagoran ne zai kwafe amsoshin da hannunsa ya karanto su.

Sannan ku fita daga kwamiti. Ku tura mace biyu su shiga gidaje 10 ko 15 su tambayi matan da ruwan ke isa gare su, ku tsaya da 'yan ga-ruwa da yaran da ke bin layi. Su ne suka san ko kan famfo ya yi wa yaro tsawo, ko tanki na ƙarewa kafin la'asar, ko wurin ya zama taɓo saboda ba a yi magudana ba.

Injiniyan ruwa: Ranka ya daɗe, a aikin burtsatse jinkiri da ƙarin kuɗi yawanci wuri kaɗan suke fitowa, sai ku bi su ɗaya bayan ɗaya. An auna ƙasa kafin haƙa, rahoton yana hannunku? Yarjejeniya ta faɗi kuɗin kowace mita idan aka wuce zurfin da aka yi ciniki a kai? Wannan yana da muhimmanci a ƙasa mai dutse irin ta Kano da Zariya, inda ruwa ke cikin tsagar dutse, ana iya haƙawa a tarar da wurin a bushe a matsa gaba kaɗan a samu. An rubuta wa zai ɗauki asara in ba a sami ruwa ba? Wani daga cikinku ya ƙirga bututun da aka zura da tsakuwar da aka zuba a gefensa? An gwada ƙarfin rijiyar na sa'o'i kafin a sayi sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa? Wannan kuskure ne da ake yawan yi: a sayi sumo da ya fi ƙarfin rijiya, ya zuƙe ruwan, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Ku duba watan da aka haƙa kuma. Rijiyar da aka gwada da damina kan ruɗi mutum, a bazara, wajen Afrilu, ake sanin gaskiyar ruwanta.

Duk amsar da aka bayar, a sake tambayar "don me?" har a kai tushe. An tsaya mako 3, don me? Ba a biya kaso na biyu ba. Don me? Mai sa hannu ɗaya ya yi tafiya. Don me tafiyarsa ta tsayar da biya? Mutum biyu kawai banki ya sani. To ga darasin nan: masu sa hannu 3, kowane biyu sun wadatar. Ɗan kwangila ma a ji ta bakinsa, amma a zama na daban.

Sakataren ƙungiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan ya tabbata sakacin mutum ɗaya ne fa, ko kuɗi bai cika ba?

Ma'aji: Malam Sakatare, wannan ba a zaman darasi ake yinsa ba. Binciken kuɗi a yi shi tukuna, mutum biyu da ba su taɓa riƙe kuɗin ba su bi rasidai, su kawo layi uku: abin da aka kasafta, abin da aka kashe, dalilin bambanci. In an ga giɓi, shugaba da dattijo ɗaya su kira mutumin a sirrance. Da zarar maganar kuɗi ta shiga zaman jama'a, ba wanda zai ƙara amsa kuskurensa.

Wajen rubuta darussa, kada ku wuce 5 ko 6, kuma kada a rubuta "a inganta sadarwa" ko "a ƙara haɗin kai", ba wanda zai iya aiki da su. A rubuta abin yi, da mai yi, da rana. Misali: ma'aji zai ware kashi 10 cikin 100 na kasafi don abin da ba a zata ba, sakatare zai sa a yarjejeniya cewa ana riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin ɗan kwangila har rijiya ta yi wata 6 tana aiki. Shafi ɗaya ya isa. A tura wa kowa cikin kwana 2 ya gyara abin da ba a rubuta daidai ba, sannan a zaman farko na aikin Islamiyya, bayan addu'ar buɗewa, wannan shafin za a fara karantawa kafin a taɓa maganar ɗan kwangila.