Wai me ya sa ƙauye ba ya fitowa zaɓe kamar cikin gari?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a, abin nan ya daɗe yana cina. Zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba 2025 a ƙauyenmu na yi shi, can bayan Pitoa, don a can na yi rajista da hukumar zaɓe ELECAM. A Garwa kowa ya ga yadda gari ya ɗau zafi tun da Issa Tchiroma ya ajiye minista ya ce zai tsaya, ko teburin mai shayi ka je maganar kenan, amma ina isa ƙauye sai ka ce ba ƙasa ɗaya muke ba. A lekol, wato makaranta, aka ajiye akwati, na zauna gindin dogon yaro har azahar ina kallo, tsofaffi ne ke zuwa jefi-jefi sai matan gidan jauro, wato mai gari. Baffana ma tun asuba ya tafi dashen masakwa, dawar rani, wai laima ba ta jiran kowa. To rashin wayewa ne, ko kuwa duk 'yan jam'iyya mai mulki RDPC ne shi ya sa ba su damu ba?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana kul ka sake cewa rashin wayewa, baffanka ya fi ka sanin lissafi. In ƙasa ta bushe bai dasa ba, wa zai ba shi hatsin shekara, ɗan takara? Kuma zancen wai ƙauye na RDPC ne tun fil'azal ba haka ba ne. A 1992 da idona na ga ƙauyuka sun yi dafifi saboda Bello Bouba, jam'iyyarsa UNDP ta ci kujera 68 a majalisa, RDPC 88. Daga baya shi ma ya shiga gwamnati ya zama minista, sai mutane suka ce ashe duk kanwar ja ce. Shugaba Paul Biya yana kan mulki tun 1982, wanda ya jefa ƙuri'a sau biyar sau shida rijiyar garinsu tana nan yadda take, ai gwiwarsa dole ta yi sanyi.

Maman Hafsa:
Malam ya faɗi gaskiya amma kun manta da mu mata. Yawancin matan ƙauyenmu ko takardar haihuwa ba su da ita, babu ita kuma ba katin ɗan ƙasa, to da me za ki yi rajista? Ƙanwata ta cika shekara 20 tana ɗokin ta yi zaɓenta na farko, sau uku tana biyan kuɗin moto zuwa gari neman kati ana ce mata ki dawo, har aka rufe rajista. Mijinta ya ce kuɗin ya isa haka. Balle 'yan gudun hijira na wajen Kolofata da Mora da Boko Haram ta kora, wasu da kayan jikinsu kawai suka fito.

Mai Klando:
Hhhh Yaya ku dai faɗi ta ciki. A gari ba wanda ya san abin da ka jefa, a ƙauye kuwa akwati ɗaya ne, in aka ƙirga aka ga na adawa sun yi yawa jauro ne zai sha tambaya wajen lamido, shi kuma ya san gida-gida. Kuma tunda kowane ɗan takara da tasa takardar, ɗaya za ka sa a ambulan ka zubar da sauran, a wurinmu akwai masu cewa ka fito musu da ragowar su gani kafin su ba ka jaka ɗaya da sabulu. Wanda ba ya son rigima kuma ba ya son cin amanar zuciyarsa sai ya ɗau fartanya ya yi gona abinsa, ba wai yana tare da kowa ba ne.

Ɗan Garwa:
Allah ya huci zuciyarka Malam, na janye kalmar. Mai Klando ka tuna min wani abu wallahi, da aka sanar Biya kashi 53.66 cikin ɗari Tchiroma 35.19 na kira Baffa a waya ina ta kumfar baki, bai ce min uffan a kai ba, tambayata kawai ya yi ko na ji nawa Sodecoton, kamfanin auduga, za ta sayi kilon auduga bana. Maman Hafsa ki ce wa ƙanwarki in an buɗe rajista a Janairu ta yi ta tun da wuri, kar ta jira sai an fara kamfen.