Abin da aka tattauna kan aikin jinyar numfashi a Amurka

1. Kowa ya yarda: difloma ta shekara 2 ta isa a zauna jarrabawar NBRC, hukumar da ke ba masu wannan aiki takardar shaidar ƙwarewa. Shaidar matakin farko ita ce CRT, amma asibitoci da dama sun fi neman RRT, shaidar mataki na gaba.

2. Lasisi na jiha ne, Alaska ce kawai ba ta nema.

3. Aikin da nauyi: tsaron na'urar taimakon numfashi a sashen kulawa ta musamman, bakwaini, masu asma, sau da yawa awa 12 a tsaye, har dare.

4. Inda aka rabu: digirin shekara 4. Wasu sun ce asarar kuɗi ce. Wasu suka ce shugabanci da koyarwa sai da shi. Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na biyun.